Tambayoyin da Na Amsa Mata

Na daɗe ina shiga asibiti kafin ciwo ya shigo gidana. Shekarun da na zauna a Jidda, duk lokacin aikin Hajji ni ake kira idan an kwantar da alhajin da ba ya jin Larabci, in tsaya tsakaninsa da likita ina yi musu tafinta. Kafin nan na bi fataucin shanu zuwa Kumasi da Abijan, inda na tsinci Faransanci da Turancin kasuwa, na kuma ɗan yi karatu a Kartum. Saboda haka na ga marasa lafiya iri-iri. Na ga ƙaton Baturke yana kuka don an ce za a kwantar da shi, matarsa tana shafa masa kai a gaban kowa. Na ga 'yan Sudan da ke cika ɗaki da surutu, mara lafiyar ya fi kowa ɗaga murya wajen faɗin abin da ke damunsa. Namu kuwa, ko ƙafa aka yanke wa mutum, ka ce masa yaya jiki, zai ce da sauƙi. A lokacin alfahari nake yi da wannan. Nakan gaya wa likitocin can cewa mutanenmu ba su da raki.

Na faɗi wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri, ya ce abin da na yi a Daura rashin sani ne.

Mai ɗakina Bafulatana ce, daga wata ruga a bayan Sandamu. Mun haura shekara hamsin tare, ko da yake in aka cire tafiye-tafiyena ba za su kai haka ba. Ciwon suga ya daɗe a jikinta. Sai wani ɗan rauni ya fito mata a dunduniya, ta yi ta rufe shi da zane har ya zama gyambo, aka kwantar da ita a wani asibiti a nan cikin gari. Ni na dage a ba ta ɗakin gefe ita kaɗai, don a ƙasashen da na zauna haka ake girmama babban mutum. Autarmu ce ke jinyarta. Ni kuma da hantsi nake zuwa da butata da carbi da ɗan rediyo, in zauna a kujerar roba a gefen gadon, sai magariba in tashi. Mutane suna ta yabona, wai ba kowane namiji ne zai yi haka ba. Ni ma a raina ina yaba wa kaina.

Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta Fulanin ruga ta fi ta cikin gari nauyi. Ɗanmu na fari namiji ne. Ana yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi, ya tashi a ɗakinta yana ce mata Inna. Wadda ta haife shi kuwa Adda yake ce mata, kamar wata yayarsa. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba. In ta kama dole ta ambace shi, sai ta ce na wajen Inna. Ranar da ya faɗo daga kan mangwaro ya karye a hannu, yana ɗan shekara tara, tana daka a tsakar gida aka shigo da shi, ba ta ajiye taɓarya ba. Mata suka daɗe suna ba da labarin, suna cewa wannan ita ce 'yar mutunci. Ranar aurensa ta tafi rugarsu, sai bayan an watse ta dawo. Ni ma ban fi ta ba sosai, don ni ma ba na kiran sunansa. Amma ni namiji ne, muna haɗuwa a zaure da masallaci, mu yi maganar hanya da ta damina.

Yanzu direban babbar mota ne, yana zaune a Fatakwal da iyalinsa. Da aka gaya masa an kwantar da ita, ya zo a makon farko. Kullum bayan azahar zai zo ya cire takalmi, ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakin.

"Adda, sannu. Yaya jikin?"

Sai ta ja mayafi ta juya fuska bango. "Da sauƙi."

Zai ɗan jima a tsugune, ya miƙa wa auta ledar lemu, ya koma ƙarƙashin darbejiya wajen maza. Babu wanda ya ga aibu a wannan. Haka muka taso muka gani.

Akwai wata nas a ɓangaren, kowa Sista yake ce mata. Babarbariya ce, aure ya kawo ta Daura, za ta yi shekara arba'in da wani abu. Tun ranar farko da ta gane mai ɗakina Bafulatana ce ta ɗora mata wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Tana turo ƙofa za ta ce, "Ina baiwata? An tashi lafiya? Na san gadon ne ya dame ki, kun fi sabawa da karan dawa."

Ita kuma ta ce, "Matsa can, warin banda ya ishe ni. Wa ya ba Babarbariya farin kaya?"

"Ni da zan yi miki allura kike gaya wa haka? Yau sai na zaɓo ta shanu."

Sai ta yi dariya, tana rufe baki da gefen mayafi. Duk zamanta a asibitin, Sista kaɗai na ga ta sa ta dariya.

A kwana na uku da zuwan yaron, Sista ta shigo da wata takarda a maƙale jikin ɗan allo. Akwai mata biyu 'yan dubiya a ɗakin, ga auta, ga shi a tsugune a bakin ƙofa. Ta ce a ɗan ba su wuri. Matan suka fita da auta, shi ma ya ja da baya ya tsaya a baranda. Ni ban motsa ba.

"Baba, kai ma ka ɗan je ka sha iska."

Na ce, "Ni mijinta ne. Kuma wannan aikin na yi shi a Jidda tun ba a haife ki ba."

Ta dube ni, ta dubi takardar, ta ga ba za ta iya korar tsoho da rana tsaka ba. Ta ja kujera. Ta ce tambayoyi ne 'yan kaɗan da suke yi wa duk wanda ya kwanta da doguwar jinya, don wani lokaci jiki yana karɓar magani amma zuciya tana riƙe da wani ciwon daban, kuma in ba a tambaya ba ba a sani. Na san irin takardar. Na sha fassara ta ga alhazai, ina yi ina murmushi a ciki, don na san amsar da namu za su bayar.

"Hajiya, cikin mako biyun nan, kin ji abubuwan da kike so da can sun fita daga ranki?"

Kafin ta buɗe baki na ce, "Wanda ke kwance me zai yi sha'awa? Rubuta babu komai."

"Baba, ita na tambaya."

"Ai ita nake faɗa miki."

"Kina samun barci?"

"Tana yi," in ji ni, ni da ba a nan nake kwana ba.

"Akwai abin da ke cin ranki, ban da ƙafar nan?"

"Me zai ci ranta? 'Ya'yanta shida duk suna raye, ga su nan suna ta sintiri. Ta sauke farali. Alhamdulillahi kawai."

Sista ta sauke murya. "Ya taɓa zuwa miki a rai cewa gara a ce ba ki da rai?"

Nan na fusata. Na ce, "A'uzubillahi! Wannan tambayar ta mutanen da ba su san ƙaddara ba ce. Musulma ce mai salla, ki tsallake wannan."

Ta ajiye biro. Ta sunkuya daidai fuskar mai ɗakina. "Baiwata, haka ne?"

Na ga idonta ya tafi wajen ƙofa, wadda aka bari a buɗe. Ya daɗe a can. Sannan ta ce, "Yadda Malam ya ce."

Ni a zatona hayaniyar baranda ce ta dame ta. Na tashi na rufe ƙofar.

Sista ba ta rubuta komai ba. Ta miƙe ta ce, "Zan dawo. Takarda ba ta ruɓewa."

Washegari yaron ya zo sallama, don mota tana jiransa. Ya tsuguna inda ya saba, ya ce zai koma, Allah ya ƙara sauƙi. Ta gaya wa bango, "Allah ya tsare hanya." Da ya juya zai fita na ga kanta ya ɗago daga matashi kaɗan. Na ce da auta ta gyara mata matashin, da alama ya danne mata wuya.

Daga ranar abinci ya fara komawa yadda ya zo. Tuwo, ta ce ya yi nauyi. Kunu, ta ce ya yi tsami. 'Yan uwanta suka aiko da fura da kindirmo daga ruga, a ƙwarya, an rufe da faifai. Matar da take shinshina nono ta gaya maka kwanansa, ta ɗaga faifan ta duba ta mayar. Likita ya kira ni gefe ya ce maganin yana aikinsa, amma gyambo ba ya rufewa a jikin da ba ya cin abinci. Na yi abin da na sani. Na kawo malami ya yi tofi, aka kawo rubutu. 'Yan dubiya suna zuwa layi-layi, kowa ya ce haƙuri Hajiya, ciwo kankarar zunubi ne, ta ce na gode. Ni kuma na zauna ina ba ta labarin waɗanda na gani a Jidda da ciwon da ya fi nata, suka tashi suka yi ɗawafi da ƙafarsu. Tana jina, idonta a kan silin.

Sau biyu Sista ta leƙo da allonta, ta tarar da ni a kujerar roba, ta yi wasanta ta fita. A na biyun mai ɗakina ba ta rama ba. Na ga Sista ta tsaya jim a bakin ƙofa kafin ta tafi.

Kusan kwana goma sha biyu aka yi a haka. Wata safiya Sista ta shigo da tiren wankin ciwo, ta ce da auta ta je ɗakin magani ta karɓo bandeji, in akwai layi ta jira. Sannan ta juyo wajena. "Baba, yau wankin zai kai har cinya. In kana so ka zauna, bismilla."

Babu dattijon da zai zauna bayan wannan maganar. Na ɗauki butata na fita.

Na fi awa guda a kan bencin baranda. Da ta fito ba ta wuce ba. Ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ta ɗora allon a cinya.

"Baba, ƙarya na yi maka, ciwon bai wuce dunduniya ba. Kuma ba zan ba ka haƙuri ba."

Na buɗe baki, ta ɗaga hannu.

"Na tambaye ta ko in gaya maka. Ta ce in gaya maka, amma ba a gabanta ba."

Ta ce da farko ita ma da sauƙi aka ba ta. Sai ta ce mata, "Ke Bafulatana, kunyar mutane kike ji, ni kuwa a wajenki ai ba mutum ba ce, Babarbariya ce. Faɗa mini kamar kina faɗa wa bangon nan da kike kallo." Daga nan ta zauna ta jira, ba ta matsa mata ba. Sannan magana ta fara fitowa. Ba ta barci, rufe ido kawai take yi don auta ta samu ta kwanta. Tana ganin ta zame mana kaya. Tana roƙon Allah ya gaggauta, sai kuma ta ji tsoro ta yi istigfari. A ƙasan takardar akwai wani layi daga sifiri zuwa goma, ana ce wa mutum ya nuna inda damuwarsa ta kai. Ta ɗora yatsa a ƙarshen layin.

Na ce, "Mutuwar take tsoro?"

"A'a. Ta ce za ta mutu ba ta san fuskar ɗanta ba. Ta ce tun da aka yaye shi ba ta taɓa dubansa ido da ido ba, sai in ya juya zai fita take ɗaga kai. Ƙeyarsa ta sani. Ta ce a wannan zuwan ta ga furfura ta fito masa a ƙeya, ta gefen hagu, ƙasan hula, ita kuma ba ta san yaushe ya tsufa ba. So take ya zauna kusa da ita sau ɗaya, ta dube shi."

Ni da nake jin harshe biyar, na rasa wanda zan yi magana da shi. Da ƙyar na ce, "Me ya hana ta gaya mini?"

"Ka taɓa tambayarta?"



Ta ce, "Ranar da na fara kawo takardar nan, Baba, ɗan naku yana tsaye a barandar nan."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta miƙe, ta ce za ta kai wa likita takardar.

Abin da suka yi bayan nan ba wani abin mamaki ba ne, kuma shi ya fi ba ni kunya. Likita ya ƙara mata wata 'yar ƙwaya don barci. Akwai wata mata a asibitin da aikinta shi ne ta zauna da marasa lafiya ta saurare su, aka haɗa su, tana zuwa kowace safiya. Aka fitar da ita daga ɗakin da na zaɓa mata, aka kai ta babban ɗakin mata, gado na kusa da taga, inda tsofaffi ke hira daga gado zuwa gado, wannan ta zagi surukarta, waccan ta ba da maganin sanyi. Aka rage 'yan dubiya. Ni kuma aka ce sai lokacin ziyara.

"In ka zo," in ji Sista, "ka rage labarin Jidda. Ka zauna ka yi shiru."

"Shirun ma magani ne?"

"A bakinka dai, Baba, babban magani ne."

Ranar da Sista ta gaya mini maganar na kira yaron a waya. Na tsaya a ƙarƙashin darbejiyar da yake zama. Na ce, "Addarka tana son ganinka."

Ina jin ƙarar inji a wayar, ya ce, "Baba, ai na zo. Ta gan ni."

"Ka sake zuwa."

"Jikin ne ya yi tsanani?"

Da na ce e, na san a gefen titi zai bar motar. Amma likita ya ce jikin yana nan yadda yake, sai na faɗi gaskiya. Ya ce yana hanyar Kalaba da kaya, zai sauke, ya mayar da mota, ya kamo hanya, kwana biyar in sha Allahu. Maganar ƙeyar tana bakina. Na sha fassara wa likitoci abin da maza ke jin kunyar faɗa wa matansu, ban taɓa inda-inda ba. Amma ga ɗana na fari a kunnena, na kasa. Na ce Allah ya kawo ka lafiya, na kashe.

Da yamma Sista ta sa na sake kiransa, ta kara mata wayar a kunne. Na ji muryarsa ƙasa-ƙasa yana cewa Adda yaya jikin. Ta ce da sauƙi, ta ture wayar. Amma kafin in tafi ta ce da auta, "Furar nan da aka kawo, da saura?" Ta sha ludayi uku.

Kwana uku tana cin abinci. Ta sa aka yi mata kitso. Auta ta ce ta ji ta tana tambayar tsohuwar gadon kusa, wadda jikanta ke bin mota, wai daga Fatakwal zuwa nan kwana nawa ne. Sista ta shigo ta ce, "Wa ya yi wa baiwata kitso ba da izinina ba?" Ta ce, "Hassada dai, ku da kanku kamar na tsintsiya." Ɗakin duka ya ɗauki dariya.

A rana ta ukun na zo ziyara na zauna na yi shiru kamar yadda aka umarce ni. Ban san shiru yana da wuya haka ba. Rana tana shigowa ta taga tana sauka a kan hannunta. Can sai ta yi magana da Fillanci, harshen da muke yi tun muna sabon aure, daga baya ya zama na ɓoye wa yara magana.

"Yana hanya?"

"Yana hanya."

Ta ce, "In ya zo, ka fita."

Na ce to.

A rana ta huɗu zazzaɓi ya rufe ta. Likita ya ce gubar ciwon ta shiga jini. Aka canza allurai, aka ɗaura ƙarin ruwa. Kafin la'asar ta daina amsa magana. Na kira yaron, wannan karon na ce ya yi tsanani. Ya ce yana cikin motar haya, sun taso.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya iso, da jakarsa a kafaɗa, ko gida bai biya ba. Ya cire takalmi a ƙofar babban ɗakin zai tsuguna. Sista ta ja labule ta zagaye gadon, ta leƙo ta ce, "Kai, ɗan baiwata. Kunyar nan ka cire ta ka ajiye tare da takalmin. Shigo."

Ya dube ni. Na ɗaga masa kai.

Ya shiga ya zauna a kujera dab da ita, abin da bai taɓa yi ba tun yana shan nono. Fuskarta tana wajensa, don haka aka kwantar da ita, amma idonta a rufe. Sista ta ba shi auduga da kofin ruwa ta ce ya riƙa jiƙa mata leɓe. Ta ce ya yi magana, sau da yawa kunne yana ji ko da ido ya rufe. Ni kuma na cika alkawari, na fita.

Auta ce ta gaya mini sauran. Ta ce ya yi ta jiƙa mata leɓe da audugar. Ya fara cewa Adda, sai ya tsaya. Sannan ya sunkuya wajen kunnenta ya faɗi sunansa, ya ce ni ne wane, na zo. Sau uku ya faɗa. Idon bai buɗe ba. Auta ta rantse ta ga yatsunta sun motsa a cikin hannunsa. Na tambayi Sista, ta ce Allah ne masani, ita ba za ta gaya mini abin da ba ta gani ba.

Ta cika ranar Juma'a da hantsi. Bayan an sauko daga masallaci muka kai ta.

Na yi ta tunani a kwanakin zaman makoki. A Abijan na taɓa ganin wani tsohon Bafaranshe da ya gaya wa likita duk abin da ke ransa, har da hawaye, amma kwana ashirin babu wanda ya leƙo shi. Namu ba ya kwanciya shi kaɗai. Gadonta bai taɓa rasa mutum ba, ƙwarya ba ta taɓa yankewa ba. Ba na zagin kunya, ita ta riƙe gidana shekarun da nake yawo. Amma mun kewaye matar nan mu ashirin, kowa da haƙurinsa a baki, wadda ta tambaye ta kuwa mutum ɗaya ce, ni kuma na amsa.

Bayan sadakar uku, mutane sun ragu, muna zaune mu biyu a zaure da hantsi. Yana ta juya makullin mota a hannu. Ya ce, "Baba, tsakaninka da Allah. Ita ta ce a kira ni, ko ku kuka ga ya dace?"

Na gane shekara hamsin yana ɗauke da wannan tambayar. Ya san al'ada kamar kowa, ba wanda ya taɓa ce masa ba ta sonsa. Amma ba wanda ya taɓa ce masa tana sonsa.

Na gaya masa duk abin da Sista ta gaya mini, ban rage ba. Da na zo kan furfurar sai ya daina juya makullin. Ya cire hula, ya kai hannu ƙeyarsa ta gefen hagu, yana lalube.

"Ni ban san da ita ba," in ji shi. "Ko mai ɗakina ba ta gaya mini ba." Ya juya mini baya. "Duba mini, Baba."

Na duba. Ga ta nan, kamar faɗin babban yatsa, daidai inda hula ke tsayawa.

"Tana nan?"

"Tana nan."

Ya daɗe bai juyo ba. Ina ganin kafaɗunsa. Tun da bayansa yake ba ni, sai na samu ƙarfin faɗin sauran. Na gaya masa ranar takardar, cewa an tambaye ta yana tsaye a baranda, ta dubi ƙofa, ni na amsa mata, ni kuma na rufe ƙofar. Na so a ce ya yi irin na 'yan Sudan, ya ɗaga murya, ya gaya mini abin da na cancanta. Ya mayar da hularsa ya ce, "Allah ya riga ya rubuta, Baba."

Washegari na raka shi tasha, abin da ban taɓa yi ba. Mota ta kusa cika. Ya durƙusa ya yi mini sallama, ya ɗauki jakarsa ya juya. Sai na ga idona ya tafi ƙeyarsa. Na kira shi da sunansa. Bakina bai saba ba, sunan ya fito da ƙarfi fiye da yadda na so, har wani mai sayar da rake ya waiwayo.

Ya juyo. Na dube shi da kyau. Hancin nawa ne. Idanun kuwa nata ne, har yadda suke sauka ƙasa in an kafa musu kallo.

"Baba, akwai wani abu ne?"

Na ce, "Babu. Allah ya tsare hanya."